Mazubin Harsashi Mai Araha da Mai Tsada: Abin Yi da Abin Bari

A Amurka akwai mutane da dama da ke narka dalma a garejin gida su zuba wa kansu kan harsashi. Wasu don gasar harbi ta ƙarshen mako suke yi, wasu don farauta, wasu kuma don tsohuwar bindigar gado wadda kamfanoni suka daina yi wa harsashi tun tuni. Harkar ta daɗe. Tun 1884 John Barlow ya kafa kamfanin Ideal a garin New Haven yana sayar da mazubi, kamfanin Lyman ya saye shi a 1925, kuma har gobe akwai mazuban da ke ɗauke da lambobin da suka gada daga wancan zamani. Gardamar da ba ta mutuwa tsakanin masu wannan harka ita ce ta kuɗin mazubi. Ga na alminiyam na kamfanin Lee, mai gurbi biyu, haɗe da mariƙinsa, a kan kuɗin da bai kai dala hamsin ba. Ga na baƙin ƙarfe na Lyman ko RCBS ko Saeco, wanda yakan haura dala ɗari, mariƙi kuma sayensa daban. Ga na tagulla, wanda sau da yawa sai ka ba da oda a yanka maka. Kowa yana yabon nasa yana kushe na wani. To ga dokokina, kuma ban zo lallashi ba.

Ka san ƙasar da kake tsaye a kanta kafin ka taɓa aljihu. A dokar tarayyar Amurka mutum yana iya zuba harsashi don amfanin kansa ba tare da lasisi ba, amma ranar da ya mai da shi sana'a ya fara sayarwa, sai da lasisin tarayya. Jihohi kuma kowace da nata ƙa'idojin. Kalifoniya, alal misali, ta haramta farauta da harsashin dalma gaba ɗaya tun 1 ga Yulin 2019, saboda haka mazaunin can da ya sayi mazubi don farauta ya yi asarar kuɗinsa tun kafin kaya su iso. A Najeriya kuwa babu wata gardama. Dokar makamai ta 1959 ta hana ƙera bindiga ko harsashi sai inda gwamnati ta ba da izini, kuma hukuncin ɗauri ne. Idan a Kano ko Gusau kake karanta wannan, ka karanta don sani, ka tsaya nan. Ƙasar da ke binne mutane kullum saboda 'yan bindiga ba ta buƙatar mai gwajin hannu a bayan ɗaki.

Kada ka sayi mazubi, ko na nawa ne, kafin ka auna bindigarka. Wannan ita ce uwar dokokin, kuma ita ce aka fi karyawa. Mutum sai ya kwana uku yana bincike a kan wane kamfani ya fi wane, alhali bai san faɗin cikin bututun bindigarsa ba. Harsashin dalma ba ya yafe rashin cika. Ƙa'idar da aka saba ita ce ya ɗara faɗin tsagin cikin bututu da kamar inci 0.001, wato abin da bai kai kaurin gashin kai ba. Shi ya sa za ka ji ana cewa .358 ga libarba mai cin .38 ko .357, da .430 ga .44, da .452 ga .45. Idan harsashi ya gaza, iskar wuta mai zafi sai ta kurɗa ta gefensa, ta zaftare dalma ta shafe ta a bangon bututu. Kafin a yi harbi ashirin saiti ya lalace, kai kuma ka koma gida kana kankarar bututu kana zagin kamfani. Harsashin da ya ɗan yi ƙiba ana iya matse shi ya koma daidai. Wanda ya fito a rame ba shi da magani sai a mayar da shi tukunya.

Kuma kada ka amince da lambar da aka buga a jikin bindiga. Bindigogin 9mm sukan bambanta da juna da inci 0.001 ko 0.002. Tsofaffin Lee-Enfield masu cin .303, irin wadda 'yan sandan Najeriya suka daɗe suna ratayawa, an san su da faɗin da ke kamawa daga .311 har .314, wani lokaci fiye. Bindigogin Marlin masu ƙananan tsagi birjik sun fi son harsashi mai ɗan ƙiba. Mai libarba kuma ba bututu kaɗai zai auna ba, har da bakin kowane rami na ganga mai juyawa, domin ta nan harsashi yake fara wucewa. Ka nemi maikuromita, ko ka kai wa mai gyaran bindiga ya auna maka ya rubuta maka a takarda. Mazubin dala talatin da ke fitar da faɗin da bindigarka ke so ya fi na dala ɗari da hamsin da ke fitar da ƙasa da haka, kuma babu kyan yanka ko sunan kamfani da zai sauya wannan.

Kada ka ɗora wa mazubi laifin dalmarka. Kowane kamfani yana yanka gurbinsa ne da wani haɗi a zuciya. Na Lyman shi ne wanda suke kira lamba 2: kashi 90 dalma, 5 kuza, 5 antimoni. Zalla dalma ta fi tsukewa idan ta huce, saboda haka harsashinta yakan fito da ƙarancin faɗi da ƙarin nauyi. Haɗin da tsofaffin maɗaba'u ke amfani da shi a injin Linotype, mai kashi 12 na antimoni da 4 na kuza, yakan fito da ƙarin faɗi da ƙarancin nauyi, ga tauri. Mazubi ɗaya ne, amma sakamako biyu. Wanda ya zuba tarkacen dalmar da bai san asalinta ba, ya ga lamba ta saɓa, ya ce an cuce shi, shi ya cuci kansa. A da can masu wannan harka sukan dogara da 'yan dalman da ake maƙalawa a wilin mota don daidaita taya. Yanzu yawancinsu na tutiya ne ko na ƙarfe, tun da Tarayyar Turai ta hana na dalma a 2005, Kalifoniya ta bi sahu a 2010, wasu jihohi suka biyo baya. Tutiya tana narkewa a digiri 420 na Salshiyas, dalma kuwa a 327. In ka bar wuta ta yi yawa har ƙwaya ɗaya ta tutiya ta narke a ciki, tukunyar duka za ta yi kauri ta yi gudaji, kuma babu mazubin da zai cika da ita, ko da zinariya aka yi shi.

Ka fara da mai araha. Na san ana cewa araha ba ta ado, amma ai ba ado ka je saye ba, koyo ka je yi, kuma mazubin farko a hannun ɗan koyo ba ya tsufa da mutunci. Za ka yar da shi a siminti. Za ka rufe shi da ƙarfi alhali ɓangarorin ba su hau juna ba. Za ka manta da mai. Gara duk wannan ya faru da na dala talatin. Richard Lee ya kafa kamfaninsa a jihar Wisconsin a 1958 da nufin talaka ma ya samu shiga wannan harka, kuma mazubinsa na alminiyam yana da abubuwa biyu da ɗan koyo ke buƙata: ba shi da nauyi, kuma yana ɗaukar zafi da wuri, ba sai ka zuba hamsin ka zubar ba kafin ka ga na kirki. Akwai kuma samfurin Lee masu ƙananan zobba a jiki, waɗanda ake shafa wa mai ta hanyar juya su cikin roba da ruwan man Alox, abin da ya raba ka da sayen injin matsewa da shafa mai tun ranar farko.

Amma ka san abin da ka saya, kada ka zo kana ƙorafi daga baya. Alminiyam taushi gare shi. Tubalan mai gurbi biyu ƙanana ne, yadda suke saurin ɗaukar zafi haka suke saurin sakinsa, kamar dai bambancin tukunyar sanholo da ta ƙasa a kan murhu: wannan ta riga tafasa ta riga hucewa, waccan sai ta daɗe tana riƙe da zafinta. In ka tsaya amsa waya, ka dawo ka tarar sai ka sake faro aiki. Kuma kayan da ake yi da yawa a farashi kaɗan, dole wani ya fito daidai wani ya ɗan kauce. Wannan shi ne cinikin da ka yi, ka yi shi ido buɗe.

Ka wanke sabon mazubi kafin ya ga dalma, mai araha ne ko mai tsada. Man injin da aka yanka shi da shi yana nan maƙale a gurbi. Ruwan zafi, sabulun wanke kwano, tsohon buroshin haƙori, sannan ka bar shi ya bushe ƙarau. Rabin masu cewa sabon mazubinsu yana fitar da harsashi mai tamoji, ko dai ba su wanke ba ko ba su ɗumama ba.

Ka koyi karanta abin da ke faɗowa. Harsashi mai tamoji a jiki, mai gefuna a dunƙule, yana gaya maka mazubi ya yi sanyi ko akwai maiƙo. Wanda ya fito da fari-fari, babu ƙyalli, yana cewa zafi ya ɗan yi yawa, kuma wannan ba aibi ba ne a wajen harbi, in dai bai wuce kima ba. Sai faifan ƙarfen da ke saman mazubi, wanda ake zuba dalma ta raminsa, ake kuma turawa gefe ya yanke cibiyar harsashi. A nan ake gane mai haƙuri. Ka zuba, ka bar ɗan tudun dalma a kan faifai, ka zuba masa ido. Da farko yana sheƙi yana rawa. Can sai ka ga sheƙin ya ɗauke daga gefe zuwa tsakiya, tsakiyar ta ɗan lotsa yayin da harsashin da ke ƙasa ke jan abin da ya rage masa, launin ya koma toka-toka. Sai a lokacin za ka yanke. In ka yi gaggawa, faifai zai ja ɗanyar dalma ya shafa ta a saman tubali. Wannan 'yar shafar ita ce ajalin mazubin alminiyam, domin da ta daskare sai ta riƙa gurzar samansa duk buɗewa da rufewa, har ta haƙa layi, gindin harsashi ya fara fitowa da gemu. Da ka gan ta, ka tsaya ka goge da tsumman auduga tun mazubi yana da zafi. Ɗigon mai kaɗan, irin wanda ake haɗawa da fetur a ƙaramin janareta, a ƙasan faifai da kan ƙusoshin da ke saita ɓangarorin biyu, ya wadatar. Kada ko ƙanƙani ya shiga gurbi.

Kada ka doki tubalin mazubi. Ko sau ɗaya. In harsashi ya ƙi faɗowa, ka ƙwanƙwasa kan ƙusar da ta haɗa mariƙi da guntun itace, ba da guduma ba, ba da filaya ba. Kada ka zura sukundireba ko allura ko buroshin waya a cikin gurbi. Harsashin da ke maƙalewa kullum a wuri ɗaya, yawanci ɗan ƙaiƙayin ƙarfe ne ya rage a bakin gurbi, kuma tsinken itace yana iya kawar da shi. Tabo ɗaya a gurbi zai bayyana a jikin kowane harsashi har ranar da za ka jefar da mazubin.

Ka lissafa yawan harbinka kafin ka zaɓi yawan gurbi. Laba ɗaya giren 7,000 ce. Harsashi mai giren 158 ke nan guda 44 a kowace laba, tukunyar laba goma kuma ba za ta ba ka fiye da ɗari huɗu da 'yan kai ba, ko da ka mayar da kowace cibiya. Mai harba ɗari uku a mako da ƙaramar bindiga, in ya tsaya kan mai gurbi biyu, zai gaji ya bar harkar. Shi mai gurbi shida na Lee ya dace da shi, kuma a ganina ya fi ƙaninsa mai gurbi biyu inganci nesa ba kusa ba. Sai dai mariƙinsa daban ake saye, yana kwashe tukunya da sauri har ya sa ka nemi mai cin laba ashirin, kuma in ka yi ƙoƙarin yanke cibiya shida a mazubin da bai yi zafi ba, ƙotar faifan za ta karye a hannunka. Ka ɗora shi kan rishon lantarki ya yi zafi tukuna. Mai harbin nesa da .45-70 kuwa, wanda harsashinsa ke kai giren 500, yake kuma ɗora kowane ɗaya a sikeli kafin ya yarda da shi, gurbi ɗaya yake nema, domin gurabe biyu ba sa taɓa zama tagwaye sak. Kada ɗayansu ya ari dokar ɗan'uwansa.

Kada ka biya kuɗi mai yawa sai ka iya faɗin abin da kake saye da baki ɗaya, ba tare da in-ina ba. "Ai ance ya fi kyau" ba dalili ba ne. Dalili shi ne: bindigata tana son .314, kuma babu mai araha da ke kai wa nan. Ko: ina son siffar da babu ita a jerin Lee. Ko: na cinye mazubin alminiyam biyu a kan harsashi iri ɗaya, yanzu ina son wanda zai kai ni tsufa. Wanda yake da irin wannan amsa, ya buɗe jaka kada ya ji ciwo. A jihar Utah akwai Accurate Molds, inda za ka zaɓi zane, ka faɗi haɗin dalmar da kake amfani da shi da faɗin da kake so, a yanka maka daidai da haka. Akwai kamfanin NOE ma a jihar. Akwai MP Molds a Sulobeniya, da suka yi suna da tagulla da harsashi mai rami a hanci. Abin da kake biya a wajen irin waɗannan shi ne awo, da tubali mai kauri, da faifai mai nauyi wanda ba ya lanƙwasa, da gurabe masu sakin harsashi da ka buɗe. Ka lura kuma, da yawa daga mazubansu na alminiyam ne. Saboda haka kada ka haɗa alminiyam da araha a kanka ka ce abu ɗaya ne. Wanda ya raina ƙarfen saboda ya taɓa ganin mai arha da aka yi da shi, bai fahimci inda kuɗin ke tafiya ba.

Kada ka sayi baƙin ƙarfe in kai malalaci ne. Ba na musun ingancinsa. Yana riƙe zafi daidai, yana jure kuskuren da zai kashe alminiyam, kuma akwai mazuban Ideal da suka haura shekara ɗari suna aiki. Amma tsatsa ba ta barci. Mazaunin Arizona yana iya ajiye nasa a kan kanta ya manta. Mazaunin Houston ko Florida da ya yi haka, damina ɗaya ta isa ta ɓata masa gurbi, kuma ramin tsatsa ba ya cikewa. Ko dai ka shafe shi da mai bayan kowane aiki, ka kuma yarda za ka wanke man tas kafin aiki na gaba, ko ka kulle shi a akwatin da iska ba ta shiga tare da ƙunshin maganin danshi. Ka kuma tuna da wuyan hannunka. Baƙin ƙarfe ya kusa ninka alminiyam uku a nauyi, kuma mai gurbi huɗu, bayan awa biyu, sai ka ji shi har kafaɗa. Ka tambayi mariƙin da ya dace da shi kafin ka biya, domin na wannan kamfani ba lalle ya shiga na wancan ba.

Tagulla ta fi su kyan gani, ba ta tsatsa, ta kuma fi su nauyi. Tana son zafi sosai, kuzar da ke cikin haɗi tana iya manne mata tun tana sabuwa, kuma in ka gasa ta fiye da kima tana iya karkacewa. Kada ta zama mazubinka na farko, balle mai ƙusoshin rami a hanci, waɗanda in ba su yi zafi ba za ka wuni kana fama.

Kada suna ya ruɗe ka. Elmer Keith ya zana harsashinsa na .44 a ƙarshen shekarun 1920, Lyman suka ba shi lamba 429421, kuma har yau ana ambatonsa da girmamawa. Amma cikin shekaru kamfanin ya taɓa zanen, har da mai da tsagin mai daga mai kusurwa zuwa mai zagaye don harsashi ya riƙa faɗowa da sauƙi, abin da Keith bai ji daɗinsa ba ko kaɗan. Ma'ana, mazubai biyu masu lamba ɗaya, na zamani daban-daban, suna iya ba ka harsashi biyu. Haka lamba 68 ta kamfanin Hensley & Gibbs, mai giren 200, wadda masu gasar .45 suka ɗauka uwa. Kamfanin ya rufe a 1999, saboda haka tsofaffin mazubansa suka yi tsada a hannun masu tara kayan tarihi. Masu kyau ne, ba shakka. Sai dai kusan kowane kamfani a yau yana da kwaikwayon wannan siffa, kuma takardar da kake harbi ba ta tambayar wa ya yanka mazubin. In tarawa kake yi, ka saya, ka ce tarawa kake yi. Kada ka gaya wa iyalinka wai saiti ne ya tilasta maka.

Ka duba na hannu da idon mai sayen doki. A kasuwannin baje kolin bindigogi ana samun tsofaffin mazuban ƙarfe a rabin kuɗi, kuma a nan ne araha da inganci suke haɗuwa in mutum ya iya dubawa. Ka rufe shi ka ɗaga wa haske. In haske ya ratsa tsakanin ɓangarorin, ka ajiye. Ka murɗa su a hannu ka ji ko suna wasa. Ka ga ko lambar da ke kan ɓangare ɗaya ta yi daidai da ta ɗayan, domin akwai masu haɗa rabin wannan da rabin wancan. Ka leƙa gurbi da tocila. Tsatsar waje ba komai ba ce, ta ciki ita ce magana. Ka dubi 'yan siraran layukan da ke fuskar tubali, waɗanda iska ke fita ta cikinsu, ko wani mai wayo ya goge su da fayil. Faifan sama da ya lanƙwashe ana sauya shi da kuɗi kaɗan, gurbin da ya lalace kuwa sai haƙuri.

Sabon mazubin da ya zo da aibi, ka mayar. Ka zuba da haɗin da kamfanin ya ambata, ka auna guda goma ta fuska biyu, ka ƙunshe su tare da mazubin ka aika. Kada ka fara gyaran kanka da man gurza sannan ka nemi a musanya maka.

Inda ba a tsumulmula shi ne wajen lafiya, kuma a nan ne na fi ganin masu mazubin dala ɗari biyu suna rowa. Ka sayi ma'aunin zafi. Ka sa tabarau, da safar hannu ta fata, da riga mai dogon hannu ta auduga, da rufaffen takalmi. Kada ruwa ya kusanci tukunya, ko gumin goshinka ne, ko raɓar da ta kwana kan sandar dalma, ko ludayin da ke da danshi. Ruwan da ya nutse ƙarƙashin narkakkiyar dalma yana zama tururi ya kumbura fiye da sau 1,600 cikin ƙiftawar ido, ya watso tukunyar duka zuwa rufi da fuskarka. Duk abin da zai shiga tukunya, a ɗumama shi tukuna.

Kada ka narka batirin mota. Dalmarsa tana haɗe da sinadaran da dattinsu, in ya haɗu da danshi, yake fitar da iska mai kisa, ga kuma asid. Ko kyauta aka ba ka, ka kai wa masu karɓarsa.

Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan gubar dalma. A 2010 yara fiye da 400 suka mutu a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Zamfara, ba don sun taɓa narka komai ba, sai don ƙurar dutsen zinariya da ake daka a tsakar gida ta bi hannu ta shiga baki. Hanyar ke nan a garejin Amurka ma: ƙura, da dattin da kake kwashewa daga saman tukunya, da yatsun da ba a wanke ba. Kada ka ci, kada ka sha, kada ka ɓare goro ko ka kunna taba a wurin aiki. Kada ka yi zubi a kicin ko a rufaffen ɗaki. Tukunya da ludayin da suka taɓa dalma sun yi sallama da girki har abada, ka yi musu alama kada wani ya ɗauka bisa kuskure. Dattin tukunya ya shiga gwangwani mai murfi, a kai shi inda hukuma ke karɓar shara mai guba. Kayan aikinka kada su haɗu da na yara a wanki, kuma yaro da mace mai ciki ba su da abin yi a wurin, ko leƙe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa, kuma a 2021 hukumar CDC ta Amurka ta sauko da ma'aunin da take lura da shi a jinin yara zuwa maikurogiram 3.5 a kowace desilita. Ka gaya wa likitanka abin da kake yi a gareji, ka nemi gwajin jini duk shekara, naka da na yaran gidan. In ya ce ka dakata, ka cire filogin tukunya, ko da jiya mazubinka ya iso daga Sulobeniya.